Bukatar Juna Ita Ce Tushen Sulhu



Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna binciken abin da ke kashe gaba tsakanin jama'a biyu. A 1954, Muzafer Sherif ya raba yara 22 gida biyu a wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka, ya sa su gasa har suka tsani juna. Cin abinci tare bai shirya su ba. Sai da ruwan sansanin ya yanke, dole ta sa suka haɗa hannu wajen gyara, sa'an nan gabar ta fara sanyi.

Mutanen Ƙofa da sauran ƙasar Kankiya da Kusada sun san haka tun kaka da kakanni. Bayan girbi, makiyayi kan sauka a gona, shanunsa su ci kara su bar taki, matarsa ta kai nono ta karɓo hatsi. Da takin zamani ya yawaita, kara ya zama abin sayarwa, aka kuma nome burtali, sai bukatar juna ta ragu, husuma ta ƙaru.

Inda babu wannan bukata, alkawarin baki ba ya ɗorewa. Sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya ƙulla da 'yan bindiga a 2019 ya wargaje a 2020. Saboda haka, hakimi ko ma'aikacin da aka aika sasanta manoma da makiyaya, ya fara da burtali da mashaya, tun kafin a zauna rantsuwa.