Sana'ar Gyaran Fata: Jawabi ga Matasa da Iyayensu

Maganar da za mu yi yau ta shafi wata sana'a ce wadda mutane da yawa suke ɗauka aikin kwalliya ce kurum, alhali kuwa tana da hannu a cikin lafiyar al'umma. Wannan sana'a ita ce gyaran fata, watau aikin mutumin da ya koyi yadda ake tsabtace fatar fuska da ta jiki, da tausa ta, da cire mata gashi da dauɗa, da ba mai ita shawara kan abin da ya kamata ya shafa. Nufinmu shi ne mu bayyana wa matasa yadda aikin yake, da inda ake koyonsa, da iyakar da doka da hankali suka sa masa.

Da farko dai, sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin kakanni akwai matan da ake kai wa amarya su gyara ta kafin ranar biki, su sa mata lalle, su wanke ta da sabulun salo, su shafe ta da man kaɗanya. Daga Barno da Sudan muka sami dilka da halawa da turaren jiki, har suka bazu zuwa Kano da Abuja da unguwannin Hausawa na Ikko da Badun. Abin da zamani ya ƙara shi ne ilmin sanin yadda fata take aiki, da kayan da ake sarrafawa a masana'antu, waɗanda amfaninsu da cutarsu duka sun fi na kayan gargajiya ƙarfi. Saboda haka mai shiga sana'ar yau yana bukatar sanin da kakanninmu ba su bukata ba.

Abu na farko da ɗalibi zai koya shi ne fatar kanta. Ita ce gaɓar da ta fi kowace girma a jikin ɗan Adam. Ita ke tsare jiki daga ƙwayoyin cuta, ita ke daidaita zafinsa ta hanyar gumi, ita kuma ke hana ruwan jiki tsiyayewa. Samanta yana saɓawa yana sabuntuwa a cikin kimanin mako huɗu, don haka duk wanda ya yi muku alkawarin canja fata a cikin kwana uku, ku sani da wani abu mai ƙuna zai yi aikin. Baƙin da ke fatarmu kuwa wani sinadari ne da ake kira melanin, kuma shi ne garkuwar da ke rage illar hasken rana. Dalili ke nan da ya sa zabiya, wanda jikinsa ba ya yin isasshen wannan sinadari, yake cikin haɗarin kamuwa da sankarar fata idan bai kiyaye rana ba.

Bayan wannan sai sanin bambancin fata. Akwai mai maiƙo, akwai busasshiya, akwai mai saurin kaikayi. Akwai kuma bambancin yanayi: man da zai ceci fatar mutumin Sakkwato lokacin hunturu, shi ne zai toshe ƙofofin gashin mutumin Fatakwal da damina ya jawo masa ƙuraje. Gwanar sana'a ba ta taɓa fuskar kowa sai ta tambayi abin da yake shafawa, da maganin da yake sha, da ko mace tana da ciki. Idan za ta yi amfani da sabon abu, sai ta ɗan shafa kaɗan a bayan kunne ko a cikin damtse, a jira kwana biyu a ga ko zai yi ja ko kumburi. Wannan gwaji ya fi zama dole game da baƙin lalle, domin yawancinsa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda ke sa fatar waɗansu ta yi bororo ta bar tabo.

Sa'an nan tsabta. Reza da allura da hantsaki suna iya ɗaukar cutar ciwon hanta, da ƙwayar cutar ƙanjamau, daga jikin wani zuwa na wani ta ɗigon jinin da ido ba ya gani. Lalle ne reza ta zama sabuwa ga kowane mutum, a dafa kayan ƙarfe ko a tsabtace su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a canja tawul, a wanke hannu kafin aiki da bayansa. Ya kamata kuma mai sana'ar ya je asibiti a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in B.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi kome nauyi a cikin wannan jawabi, watau shafe-shafen man canja launin fata, wanda aka fi sani da bilicin. A cikin wani rahoto na shekarar 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan kaya. Ma'anar wannan ita ce, ranar da kuka buɗe shago, a cikin masu fara sallama za a sami mai cewa a yi mata haɗi, kuma za ta biya kuɗi mai tsoka. A nan ne ake gane mai sana'a da mai neman kuɗi ko ta halin ƙaƙa.

Abubuwa uku ne aka fi zubawa a cikin haɗin nan. Na ɗaya zaiba, wadda ke shiga jiki ta fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma cuci ɗan tayi a cikin uwarsa. Na biyu haidurokwinon, wanda idan an daɗe ana shafa shi yakan juya ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da wuya, irin wanda ke da wuyar magani. Na uku magungunan da likitoci ke kira sitiroyid, waɗanda aka yi su don warkar da waɗansu cututtuka na ɗan lokaci. Yawan shafa su yana sa fata ta yi laushi kamar takarda, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, har ya kai ga hawan jini da ciwon sukari. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna da kayan shafa, ta hana sayar da kayan kwalliyar da ke ɗauke da zaiba ko sitiroyid. Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka ƙulla don kawar da illar zaiba daga duniya. Wanda ya haɗa mai a bayan shago ya ɗura a kwalba ba suna ba lamba, ya saɓa wa doka, kuma duk abin da ya sami mai shafawa yana wuyansa.

Wajibi ne kuma mai gyaran fata ya san cewa shi ba likita ba ne. Yin allura, da yanka, da rubuta magani, aikin likitoci da ma'aikatan lafiya masu rajista ne. Amma fa idonsa yana iya ceton rai. Idan ya ga makero ko ƙazwa, sai ya dakatar da aiki ya tura mutum asibiti. Idan ya ga wani fili a fata wanda ya fi sauran jiki haske, aka taɓa wurin mai shi bai ji ba, to, yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkar da ita sarai da magani kyauta idan an kama ta da wuri. Haka nan tawadar da ta fara girma ko canja launi, da gyambon da ya ƙi warkewa. Tura irin waɗannan ga likita ba hasarar ciniki ba ce, ita ce ke sa a amince da ku.

Ina ake koyo? Hanya ta farko ita ce zama a ƙarƙashin gwani na gari har hannu ya faɗa. Ta biyu ita ce makarantun koyon sana'a da Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, ta amince da su. Wannan hukuma an kafa ta a 1977, hedkwatarta tana Kaduna. Hukumar NABTEB tana shirya jarrabawa a fannin gyaran jiki da kwalliya, Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, kuma tana haɗa matasa da masu koyar da sana'o'i a jihohi. Kafin ku biya kuɗin kowace makaranta, ku nemi ganin takardar amincewarta, ku kuma tambaya ko tana koyar da ilmin fata da tsabta, ba haɗa mai kaɗai ba.

Wanda ya ƙware yana iya aiki a shagon wani, ko a manyan otal-otal, ko a kamfanin kayan shafa, ko ya buɗe nasa. Mai buɗe nasa ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a Hukumar CAC, ya sayi kayan da ke da lambar NAFDAC kaɗai, ya ajiye littafin shiga da fitar kuɗi, da littafin abin da ya yi wa kowane mutum. Ku sani aikin yana da tsayuwa mai tsawo, cinikinsa kuma yana hawa lokacin bukukuwa da salla da kirsimeti, ya sauka bayansu, sai an yi tanadi. Riƙon asiri ma yana cikin jari, domin wadda ta buɗe muku jikinta ba ta so ta ji labarinsa a gidan suna.

Ga iyaye kuwa, muna roƙonku kada ku raina wannan sana'a idan 'ya'yanku, mata ko maza, suka nuna sha'awarta. Ku taimaka musu su koye ta a wurin da ya dace. Ku kuma matasa, ku tuna amanar fatar mutane za a damƙa muku, kuma fatar da aka ƙona ba a sayen wata a kasuwa. Ku gyara wa kowa tasa a kan launin da ya zo da shi duniya.