Idan Mai Ya Ƙi Isa Inji: Jawabi Ga Direbobi Da Makanikai Na Kontagora

Jama'a, garin Kontagora mahaɗar hanyoyi ne. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori da Jebba da Makwa, ta nan take ratsawa zuwa Yawuri da Jega da Sakkwato. Wata ta nufi Tegina, inda ake rabuwa zuwa Minna ko Kaduna, wata kuma ta yi Rijau da Zuru. Saboda haka abincin mutane da yawa a wannan gari a kan mota yake, tun daga direba da yaron mota har zuwa makaniki da mai sayar da kayan gyara. Duk wanda ya san waɗannan hanyoyi ya san akwai dogon daji tsakanin gari da gari, kuma ba wanda yake so mota ta mutu masa a can da magariba, ga fasinja cike.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suke tsai da mota a hanya shi ne mai ya kasa isa inji yadda ya kamata. Da zarar haka ta faru, abin da akan fara ji a gareji shi ne famfon mai ya mutu, a sayo sabo. Sau da yawa kuwa famfon lafiyarsa lau. Manufar wannan jawabi ita ce a nuna cewa gwaji yana gaba da saye, kuma gwajin yana da tsari, daga abu mai araha zuwa mai tsada.

Bambancin motar da da ta yau

A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma manyan makanikan ƙasar nan da yawa a kan 504 suka koyi sana'a. Akasarin motocin wancan zamani da kafireto suke aiki. Kafireto yana da haƙuri: in ya toshe sai a kwance shi, a wanke, a hure, a mayar. Amma motocin da suka cika tasha yau, irin su Golf da Sharan da Corolla da Camry, waɗanda aka fi shigo da su ta Kwatano, da injekta suke aiki. A cikinsu famfon lantarki ne yake zaune cikin tanki, yana tura mai ta cikin filta zuwa ga nozul, nozul kuma yana fesa shi kamar hazo bisa umarnin kwamfutar mota, wadda makanikai suke ce wa ƙwaƙwalwa. Ita ce take lissafin iskar da ta shiga, ta ba ta man da ya dace, watau wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi.

Babban bambancin yana wajen ƙarfin turi. Famfon motar kafireto awo 4 zuwa 7 kawai yake bayarwa a ma'aunin PSI, irin wanda mai faci yake auna iskar taya da shi. Motar da take da nozul ga kowace silinda kuwa, yawanci 40 zuwa 60 take bukata, watau fiye da iskar da ke cikin tayarta. Wasu tsofaffin Golf masu nozul ɗaya tak wajen 15 suke so. Ke nan ganin mai yana zuba daga tiyo bai isa shaida ba. Mai yana iya zuwa, alhali ƙarfinsa bai kai ba.

Alamomin da direba zai lura da su

Mota takan daɗe tana tari kafin ta tashi. Takan yi silo lafiya, amma in an taka totur sai ta shaƙe. Takan rasa ƙarfi a hawa ko in an yi mata lodi. Wata takan mutu in ta yi zafi, ta huta rabin sa'a ta sake tashi. Mafi haɗari ita ce wadda take shaƙewa daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela, ga wata tana tahowa. Wanda motarsa ta fara irin wannan, kada ya ɗauki fasinja sai an duba ta.

Tsarin bincike

Na farko, a tabbata akwai mai a tanki, domin geji yakan yi ƙarya. A kuma tabbata fulogi yana ba da wuta, saboda rashin wuta da rashin mai kamanninsu ɗaya ne ga wanda ke riƙe da sitiyari.

Na biyu, a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, amma kada a tayar. A kasa kunne wajen kujerar baya ko bakin tanki. Famfo mai rai yakan yi ƙugi na kamar daƙiƙa 2 sa'an nan ya yi shiru. In ba a ji kome ba, tukuna ba a yanke masa hukunci ba.

Na uku, a duba fiyus da rile na famfon. In rilen ham lambarsu ɗaya, sai a musanya su a gani. Mai gyaran wutar mota ya auna ko wutar batir, wajen bolt 12, tana isa soket ɗin famfo, ya kuma duba wayar da ke kama jikin mota ko ta yi tsatsa. Na'urar hana sata da aka ƙara wa mota, da makullin da ƙwaƙwalwa ba ta gane shi ba, su ma sukan hana mota samun mai. Fiyus ɗin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba ya sha sa mutane sayen famfo.

Na huɗu, kuma shi ne ginshiƙin aikin, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai, a gwada abin da ya nuna da abin da littafin motar ya ce. In awo ya yi ƙasa, ko ya faɗi sa'ad da aka taka totur, a fara da filta da 'yar rariyar da ke gindin famfo, kafin a zargi famfon. In awo ya yi sama, ga baƙin hayaƙi a salansa, ga shan mai, to na'urar daidaita ƙarfin mai ce ta lalace ko tiyon da ke mayar da ragowa tanki ya toshe. In kuwa awo ya zube nan da nan bayan an kashe inji, ko dai nozul yana ɗiga, ko famfo ba ya riƙe mai, kuma wannan ne yake sa doguwar tari kafin tashi. Garejin da yake karɓar motar injekta ba shi da wannan agogo, da ka yake aiki, kuma aljihun mai mota ne yake biyan kuskuren.

Na biyar, a koma kan nozul. In an kafa bakin dogon sukudireba a jikinsa, aka kara kunne a ƙotar, za a ji yana ƙas-ƙas in yana aiki. Wanda ya yi shiru a duba wayarsa. Wanda ya toshe a wanke shi a injin wanki, kada a tsokane shi da allura, domin ramukansa ba su jure haka. In dukansu sun yi shiru, fulogi kuma ba wuta, to laifin yana wajen na'urar da ke shaida wa ƙwaƙwalwa juyawar inji, ba ruwan famfo.

Na shida, a sa kwamfutar bincike. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka soket iri ɗaya na wannan aiki, Turai ma ta bi baya. Lamba P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0087 ƙarfin mai ya yi ƙasa, P0230 kuma matsala a wayoyin famfo. Sai dai lamba hanya take nunawa, ba ta kama mai laifi. Tsagaggen tiyon iska, ko ma'aunin iska da ƙurar hunturu ta rufe, suna iya kawo P0171 alhali famfo ƙalau yake.

Ingancin man kansa

A cikin Fabrairu 2022 ƙasar nan ta ga abin da gurɓataccen mai yake yi, sa'ad da hukuma ta ba da sanarwa cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima. Janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka a gidajen mai, masu motoci da yawa kuma suka koka da lalacewar inji. Ƙaramin irin wannan yana faruwa kullum a bakin hanya, inda ake sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu, da ƙura da ruwa, wani lokaci har da gaurayen kananzir. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. Wanda ya sayi mugun mai a gidan mai ya riƙe rasit, ya kai ƙara ga hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da rarraba mai da ingancinsa.

Har wa yau, tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, direbobi da yawa suka koma sayen lita kaɗan kaɗan. Uzurinsu a fili yake. Amma man da famfo yake nutse a ciki shi ne yake sanyaya shi, kuma in tanki ya kusa ƙafewa famfon yakan zuƙi iska ya yi zafi, balle a watannin Maris da Afrilu. Motar da ake riƙe tankinta a rubu'i ba ta fi wadda ake bari a ja shan mai ba. Bambancin kawai cikon farko ne, kuma ya fi kuɗin famfo sauƙi.

Abubuwan da za a guje wa

Kada a kwance tiyon mai sai an sauke ƙarfinsa: a zare fiyus na famfo, a bar inji ya mutu da kansa, sa'an nan a cire kan batir. Kada a kusanto da taba ko fitilar kwai. Kada a zuƙi fetur da baki. Kada a zuba fetur a maƙogwaron inji don ta tashi, wuta takan dawo ta kama fuska. Kada kuma a ja waya kai tsaye daga batir zuwa famfo, domin ƙwaƙwalwa takan yanke famfo da zarar inji ya tsaya, kuma wannan shi ne yake hana mai ci gaba da kwarara in an yi haɗari. Sababbin motoci masu fesa mai kai tsaye cikin silinda kuwa, ƙarfinsu yakan haura awo 2,000, sai gwanin da ya koye su zai taɓa.

In bincike ya tabbatar famfon ne, a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar rariya da sabon filta, a sayi famfo mai awon da ya dace da motar. Araha ba ta ado. Sabon famfo a cikin tanki mai laka ba zai daɗe ba.

Hakkin mai mota ne ya tambayi makaniki abu biyu kafin ya fid da kuɗi: awo nawa agogo ya nuna, kuma nawa littafi ya ce. Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, domin amsarta tana hannunsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.