Inda Zan Tafi Hutu, In Da So Samu Ne

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taronmu na shekara-shekara, a babban ɗakin taro na makaranta)





Da Sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni ne zan yi jawabi bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce in zaɓi abin da na ga dama, amma kada in wuce minti 15, domin abinci na jira. Na san waɗansunku suna zaton tun da ma'aikacin gwamnati ne ni, to kukan albashi za su sha. Ku kwantar da hankalinku. Yau maganar hutu zan yi, da wuraren da zan so in je in huta in da so samu ne.

Kowace shekara idan lokacin hutuna ya zo, akan ba ni fom in cika, a ƙasansa kuwa akwai wani gurbi da aka ce mutum ya rubuta inda za a same shi. Shekara 9 ke nan abu ɗaya nake rubutawa, watau gidana. Kuɗin hutun da ake bayarwa, kafin su iso hannu an riga an raba su tsakanin mai shago da kuɗin makarantar yara. Turawa suna da al'ada, idan watannin ɗuminsu suka kama, daga Yuni zuwa Agusta, sai su kwashi iyali su nufi bakin teku. Mu kuwa kun sani, namu dogon hutun a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma ba teku ke jiranmu ba, fartanya ce.

To, 'yan ajinmu za su tuna abin da ya faru muna aji biyu. Mun dawo daga dogon hutu, malaminmu na Hausa, ga shi can zaune yana murmushi, ya ce kowa ya rubuta insha'i a kan yadda ya yi hutunsa. Ni kuwa ban je ko'ina ba sai gonar babana. Na ji na kusa da ni yana rubuta Kaduna, sai kunya ta kama ni, na ce wallahi sai na wuce shi. Na rubuta cewa kawuna ya kai ni Legas, na ga teku, ƙishirwa ta kama ni, na durƙusa na sha na ƙoshi, ruwan da garɗi kamar na sabuwar randa. Malam ya karanta a gaban aji, ya dube ni ya ce, "Ba ka ji gishiri ba?" Na ce, "Ranar ba a zuba ba, Malam." Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na gama sa rai da bulala, amma sai ya kama hannuna ya kai ni laburare, ya zaro wani ɗan littafi ya miƙa mini, ya ce in dai tafiyar da ban yi ba nake son ba da labari, to ga waɗanda suka iya, in je in koya. Littafin nan shi ne Ruwan Bagaja. Daga ranar na fara zuwa hutu ba tare da kuɗin mota ba, kuma wuraren da na je su zan lissafa muku.

Na farko ita ce ƙasar Irami, ƙasar aljannu inda ruwan Bagaja yake. Marigayi Alhaji Abubakar Imam ya rubuta littafin nan ne yana saurayi ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya shigar da shi gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Kun tuna mafarin tafiyar. Ɗan sarki ba shi da lafiya, liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka wulaƙanta shi a fada, shi ne Alhaji ya bar Kwantagora don ya wanke wa mutumin da ya rene shi wannan kunya. Da nake yaro ruwan nake so in gani. Yanzu da na girma na gane ba ruwan ne daɗin littafin ba, hanyar ce, da abokin hamayyar nan Malam Zurƙe, wanda yau ya cuci Alhaji, gobe Alhaji ya rama, a rabu a wannan gari a sake gamuwa a wancan. Kowane ɗayanmu yana da Zurƙensa a makarantar nan. Nawa ga shi nan a layi na uku, har yau bai biya ni garin kwakina ba. In za ni Irami da shi zan tafi, amma ni zan riƙe guzuri.

Na biyu ita ce fadar Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ta cikin Magana Jari Ce, wadda aka ce tana wata ƙasa can gabas, ba a kuwa faɗi inda take ba. Ba dukiyar sarkin ke ja na can ba. So nake in kwana a ɗakin da aku yake. Ku tuna, sarki ya fita yaƙi da mutanen Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri kuma ya ɗana tarko yana jira yaron ya fito. Kullum dare Musa ya yi shiri zai bi bayan rundunar, aku ya tsare shi da labari, har gari ya waye. Ba ƙofa ce ta tsare yaron nan ba, ba kuma dogarai ba, labari ne, kuma shi ya ceci ransa. Iyayenmu malamai, ina jin kun san irin wannan aiki. Mu nawa ne a nan muka yi niyyar tsallake katanga mu gudu gida a shekararmu ta farko, saboda yunwa da horon manya? Ni dai abin da ya zaunar da ni shi ne ban gama littafi na biyu ba, ga na uku yana jira.

Na uku sai mun ƙetara zuwa littattafan Turanci da aka sa mu karanta, mu je tsibirin Lilifut na cikin tafiye-tafiyen Goliba, wanda Jonathan Swift ya fitar a 1726. Mutanen can tsawonsu bai kai inci 6 ba. Da farko na so zuwa ne don in ji yadda babban mutum yake ji, ko da na mako ɗaya ne. Amma da na sake karanta littafin bayan na kama aiki, sai na ga ai na san garin. A Lilifut in gurbin babban muƙami ya samu, masu nema kan hau siririyar igiya su yi ta tsalle a gaban sarki, wanda ya fi tashi sama bai faɗo ba shi ke samu. Jam'iyyunsu biyu, bambancinsu tsawon dunduniyar takalmi. Sun kuma yi shekaru suna yaƙi da maƙwabtansu a kan ta wane gefe ya kamata a fasa ƙwai, ta mai faɗin ko ta mai tsinin. Goliba ya yi musu aiki, ya janyo musu jiragen ruwan abokan gaba, sakayyar da fadawa suka shirya masa ita ce a makantar da shi. Saboda haka na soke Lilifut daga jerina. Mutum ba ya barin wurin aiki ya tafi hutu wurin aiki.

Na huɗu shi ne tsibirin Utofiya, wanda Thomas More ya rubuta labarinsa da Latin a 1516. Wannan kam mafarkin kowane ma'aikaci ne. Birane 54 ne a tsibirin, kowa aikin awa 6 yake yi a rana, ba mai kwana da yunwa, zinariya kuwa ba ta da wata daraja, da ita ake ƙera bahon fitsari da sarƙar ɗaure bayi. Sai dai akwai abin lura. Ba ka da ikon fita daga garinku zuwa wani sai da takardar izni, wadda aka rubuta ranar dawowarka a ciki. Ashe har can ma sai an cika fom! Daɗin daɗawa, sunan tsibirin daga harshen Girka aka ƙago shi, ma'anarsa "ba wuri", watau marubucin da kansa ya gaya mana babu shi. Shi ma More babban ma'aikacin gwamnatin Ingila ne, ya kai ƙololuwar muƙami, daga baya ya ƙi bin sarki Henry na 8 a kan abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, aka sare masa kai a 1535. Zan so in je Utofiya in yi kwana uku, in ga yadda gari yake idan ba a bauta wa kuɗi, sa'an nan in dawo kafin takardata ta ƙare.

Na ƙarshe shi ne Birnin Kib na cikin Iliya Ɗan Maiƙarfi, littafin Malam Ahmadu Ingawa na 1951, inda jarumin nan da ya tashi gurgu, Allah ya ba shi lafiya da ƙarfi, ya je ya yi wa Sarki Waldima hidima. Na daɗe ina ɗauka garin nan ƙage ne kamar sauran. Sai da na je jami'a na ji cewa asalin labarin tsohuwar tatsuniyar jarumta ce ta mutanen Rasha da maƙwabtansu, Waldima shi ne Baladimir, Kib kuwa shi ne Kiyef, babban birnin Yukren na yau. Duk cikin wuraren nan biyar shi kaɗai ne yake kan taswira. Da na ji a rediyo a 2022 cewa bama-bamai na sauka a kansa, sai na ji kamar an taɓa wani gari na dangina, alhali ban taɓa taka shi ba. Wannan shi ne aikin littafi. Yakan sa ka san mutanen da ba ka taɓa gani ba, har abin da ya same su ya dame ka.

To 'yan'uwa, ga inda maganar tawa ta dosa. Da safen nan kafin a fara taro na zaga na leƙa laburaren da duk waɗannan tafiye-tafiye suka fara. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Kantocin da muka bari cike, yanzu rabinsu wayam, rufi yana yoyo ta kusurwar gabas, gara ta ci abin da ta ci. Na nemi Magana Jari Ce, littafi na biyu kaɗai na samu, shi ma ba bango. Ban zo don in ɗora wa kowa laifi ba, domin in za a yi shari'a, da ni za a fara. Ga wannan da ke hannuna. Ruwan Bagaja ne, ga hatimin makaranta a shafin farko. Na are shi muna ajin ƙarshe, na ce zan dawo da shi bayan jarrabawa, yau shekara 17 ke nan. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne, don na ga waɗansu sun sunkuyar da kai. Kowane littafi da muka tafi da shi, ƙofa ce muka kulle wa wani yaro muka sa makullin a aljihu.

Wani zai ce ai yanzu zamanin waya ne, duniya duk tana tafin hannu. Gaskiya ne, ni ma ina da ita. Amma yawancin ƙannen nan namu da ke tagogi 'ya'yan manoma ne kamar yadda muke, in hutu ya zo gona za su, inda ba lantarki ba kuɗin data. Sa'an nan waya takan nuna maka wuri ne yadda wani ya gan shi, littafi kuwa kai ne za ka gina garin da kanka a cikin zuciyarka. Iramin da ke kaina ba irin ta kowa ba ce a ɗakin nan, kuma ba wanda zai iya ƙwace mini ita.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, duk wanda yake da littafin makaranta a gida ya dawo da shi, an yafe tara, ba kuma za a karanta suna ba. Na biyu, kowane ɗan ƙungiya ya kawo sababbin littattafan hira guda 2, ɗaya na Hausa ɗaya na Turanci, a damƙa wa Sakatare kafin a tafi dogon hutu mai zuwa, kuɗin gyaran rufi kuma a sa shi cikin abin da za mu tattauna yau. Na uku, ina roƙon Shugaban Makaranta ya yarda kowane yaro ya ari littafi ɗaya ya tafi da shi gida lokacin hutu. Na san waɗansu za su ɓace, ni ne shaida. Amma gara littafi ya tsufa a hannun yaro da ya ƙare a cikin gara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni na fara da wannan da na dawo da shi, da waɗansu 10 da ke cikin kwali a bakin ƙofa.

Malam, ka ce in je in koya wurin waɗanda suka iya. Ban zama marubuci ba, amma na je wurare da yawa, kuma daga baya aiki ya kai ni Legas, na ɗanɗana ruwan teku. Ranar an zuba gishirin. Allah ya saka maka da alheri, kai da sauran malamanmu. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya bar mu da zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.