Ƙarfen Da Aka Sa Maka A Kwatangwalo, Ka San Sunansa?

 

Da labarin kawuna zan fara yau. Shekarun baya ya faɗi a kan babur a hanyar Isa, ƙashin kwatangwalonsa ya karye. Aka kai shi wajen maɗori, aka yi wata uku, shiru. Daga ƙarshe dangi suka sayar da gona da shanu biyu, aka fita da shi waje aka sa masa ƙarfe. Bayan 'yan shekaru ciwo ya dawo. Da muka kai shi Sakkwato, tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Baba, wane irin ƙarfe aka sa maka?" Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi zan ce mai? Ni dai ƙarhe na sani." Babu takarda, babu kati, babu rasit.

To me ya sa sunan ƙarfe yake da muhimmanci? Ku saurara.

A watan Agustan 2010, kamfanin DePuy, reshen Johnson & Johnson, ya janye wani kwatangwalon ƙarfe mai suna ASR daga kasuwa, bayan an dasa wa mutum kusan 93,000 a duniya. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, sai ɓurɓushinsa ya shiga nama da jini, ya kawo kumburi da ciwo. Bayanan Ingila sun nuna cewa a cikin shekara biyar, kusan mutum ɗaya cikin takwas sai an sake yi masa aiki. A 2013 kamfanin ya amince zai biya wajen dala biliyan 2.5 ga mutum kusan 8,000 a Amurka.

Amma ku dubi Indiya, inda mutanenmu ke yawan zuwa neman magani. An dasa wa kusan mutum 4,700 wannan ƙarfen, kuma da gwamnati ta tsara biyan diyya a 2018, mafi yawansu ba a gano su ba. Haƙƙi yana nan, mai haƙƙi ya ɓace, saboda babu rajista.

Wani zai ce, "Ai wannan ciwon tsofaffi ne." A'a fa. A nan yankinmu, matasa ma yana kama su. Na farko, amosanin jini, wato sikila: jini yakan daina isa kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu, ka ga yaro ɗan shekara ashirin yana ɗingishi. Na biyu, haɗarin kabu-kabu. Na uku, 'yan'uwana mata ku ji da kyau, ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone da ake sha ba tare da likita ya rubuta ba, su ma suna iya kashe wannan ƙashin. Sai kuma amosanin gaɓɓai na tsufa.

Idan ciwo yana a matsematsi, yana sauka zuwa gwiwa, ko zaman tahiya ya fara gagarar ka, ko ƙafa ɗaya ta fara gajarta, je a ɗauki hoto. Na san halin da hanya take ciki, fita daga Sabon Birni zuwa Sakkwato ba wasa ba ne yanzu. Amma akwai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, akwai asibitin ƙashi na Wamakko, akwai na Dala a Kano. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Yanzu batun diyya. Ba kowane ciwo bayan aiki ne laifin wani ba. Ƙarfe mai kyau ma yana tsufa. Diyya tana shigowa ne idan kayan da kansa yana da aibi, ko an yi sakaci wajen aikin. A Najeriya, NAFDAC ke rajistar kayan asibiti, FCCPC ke karɓar koken mai saye a ƙarƙashin dokar 2018, MDCN kuma ke binciken likitoci. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Legal Aid Council. Kuma shigar da ƙara yana da wa'adi, kada a yi ta jan ƙafa.

Amma duk waɗannan sai da shaida. Don haka kafin a sallami majinyacinku, ku karɓi sunan kamfani da lambar ƙarfen, rahoton aikin, hotunan ƙashi da duk rasit. Ku ɗauke su a waya, ku tura wa wani ɗan'uwa, don mu nan mun san yadda mutum kan bar gida da dare ba tare da ya ɗauki komai ba. Idan an cire tsohon ƙarfe, ku nemi a adana shi.

Mun yarda da ƙaddara, amma neman haƙƙi bai saɓa wa tawakkali ba. Diyya tana cikin addininmu. Kawu dai an sake yi masa aiki, da kuɗin wata gonar.

Idan akwai mai ƙarfe a gidanku, yau ku tambaye shi ina takardunsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.