Jawabin Shugaban Makaranta a Bikin Yaye Ɗaliban Aji Shida

 

Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Ranka ya daɗe Dagaci, masu unguwanni, Malam Liman, Arɗo da jama'arsa, Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukuma, shugaba da wakilan kwamitin kula da makaranta (SBMC), iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana malamai, da 'ya'yana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Duk wanda ya duba gaban rumfar nan zai ga cewa yaran da muke yayewa ba su da yawa. Makarantarmu ƙarama ce, idan aka tara ɗalibanta kaf da ƙyar su kai aji biyu na makarantar birni. Wannan bai taɓa sanyaya mana gwiwa ba, domin ƙaramin goro ya fi babban dutse. A nan babu yaron da malami bai san gidansu ba. Idan aka kira suna da safe ba a amsa ba, mun san ko zazzaɓi ne, ko aike, ko an tafi da shi gona, kuma kafin la'asar ɗayanmu ya yi sallama a ƙofar gidan.

Ranka ya daɗe, ina neman izini in buɗe wa jama'a rajistar makarantar nan, don a ji su wane ne a cikinta. Mafi yawa 'ya'yan manoman garin nan ne da na ƙauyukan kewaye. Akwai 'ya'yan Fulani daga rugage, waɗanda wasunsu suka zo mana ba su jin Hausa sosai, 'yan ajinsu ne suka riƙa yi musu tafinta har kunnensu ya buɗe. Akwai almajiran da malaminsu ya yarda su zo boko da hantsi, su koma allo da yamma. Akwai kuma yaran da rashin tsaro ya taso iyayensu daga garuruwansu, muka karɓe su a tsakiyar zango ba tare da neman wata takarda ba. Shekarunsu ma ba ɗaya ba ne: a aji ɗaya za ka tarar da ɗan shekara shida a benci guda da ɗan shekara goma sha ɗaya, dukkansu suna koyon baƙi da wasali. Saboda ƙarancin malamai, wani ɗakin aji biyu ne a ciki. Malam yakan ja layi da alli ya raba allo gida biyu, ya ba na dama aikin lissafi, ya juya ga na hagu da karatu.

Abin da ke damuna a rajistar nan shi ne yadda take ramewa daga aji zuwa aji. Shafin aji ɗaya a cike yake, mata da maza kusan kunnen doki. Daga aji huɗu sunayen mata sai su fara ɓacewa: wannan talla ta ɗauke ta, waccan reno, wata kuma an fara maganar aurenta. Da saukar damina maza su yi ƙaranci saboda shuka da noma, ranar kasuwa aji ya zama rabi, da rani kuma 'ya'yan makiyaya su bi dabbobi neman ciyawa da ruwa. Yaran da ke zaune a gabanku da wasu suka fara, kuma waɗancan ɗin suna nan cikin garin nan, muna gaisawa da su kullum.

Hukuma ta daɗe da sanin wannan matsala. A 1976 aka kawo shirin UPE na ilimin firamare kyauta. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ta ɗora wa iyaye alhakin kai shi. Duk da haka, hukumar UNICEF ta taɓa ƙiyasta cewa yara wajen miliyan 10.5 a Najeriya ba sa zuwa makaranta, akasarinsu a Arewa. Wasu daga cikinsu 'ya'yan gidajenmu ne.

Ya kamata iyaye su san abu guda. Kowace shekara ana ƙidayar makarantu, mu cike fom da adadin ɗalibai maza da mata aji-aji, ya tafi ƙaramar hukuma, daga can zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Da wannan lissafi ake duba inda za a tura malami, da benci, da littattafai. Yaron da aka bari a gida ya rasa karatunsa, ya kuma rage wa ƙannensa rabonsu.

Saboda haka ina da roƙo. Masu unguwanni su taimaka mana a bi gida-gida kafin sabon zango, a rubuta duk yaron da ya kai shekara shida. Malam Liman ya sa mu a huɗuba. Arɗo, idan tafiya ta kama, a sanar da mu, mu ba yaro takardar da zai shiga makarantar da ke kusa da masauki, mu kuma ajiye masa gurbinsa. Iyayenmu mata, a bar talla sai an tashi daga makaranta. Mai girma Sakatare, muna neman ƙarin malamai, musamman malama mace, domin ganinta yana kwantar da hankalin iyayen 'yan mata.

Ku kuma 'ya'yana da muke yayewa, kun yi haƙuri da rana da ruwa da nisan hanya, kun kai aji shida. Saura shekara uku da doka ta ba ku a ƙaramar sakandare, kada wanda ya tsaya a nan, mace ko namiji. Ku riƙe sallah, ku girmama iyaye da malamai, ku riƙa kama hannun ƙannenku kuna kawo su makaranta. Allah ya yi muku albarka, ya sa ilimin nan ya amfane ku ya amfani garinmu.