Sunayen Tsofaffin Hanyoyinmu: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Abin da na zaɓa in yi magana a kansa yau shi ne sunayen tsofaffin hanyoyin ƙasarmu, wato daga Dakko da Bakura har zuwa Mafara da Maradun, waɗanda kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki da raƙumi tun kafin a san kwalta. Wani zai ce wannan ai hira ce ta gindin bishiya. To, ina roƙon a ba ni aron kunne.

Da farko, Bahaushe bai tara hanyoyi duka a suna ɗaya ba. Akwai turba, siririyar hanyar da sawun mutane ya fitar. Akwai gwadabe, babbar hanya ta ayari. Akwai burtali, wanda ake bari tsakanin gonaki don dabbobi su wuce, da labi inda shanu ke bi zuwa kiwo da mashaya. Inda hanya ta rabu mararraba ce, inda ta ƙetare gulbi mashigi ne, inda fatake ke sauke kaya su kwana kuwa zango ne. Wannan kalma ta zango ta bi 'yan fataucin goro a hanyar Gwanja har Salaga, shi ya sa unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana ake kiransu Zango.

Na biyu, sunan wuri labari ne a dunƙule. Talatar Mafara da kanta ranar kasuwarta ce ta zame mata suna, don kuwa matafiyi ba ya buƙatar a gaya masa ranar da zai kama hanya. Ku dubi Ruwan Gizo, da Maƙera, da Tsibiri, da Gidan Goga, da Birnin Tudu. Kowane ɗaya yana nuna ko dai ruwa, ko sana'a, ko yanayin ƙasa, ko mutumin da ya fara sauka. Da mota ta zo, direbobi su ma suka raɗa nasu, irin su Lambar Bakura da Lambar Tureta a kan titin Gusau zuwa Sakkwato.

Kuma kada mu raina waɗannan hanyoyi, manyan mutane sun taka su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya kuma zauna a Faru. A 1805 jama'arsa ta yi sansani a Sabon Gari kafin ta wuce Gwandu. Daga arewa da mu akwai dajin Gundumi, wanda ayari ba ya shiga sai ya cika salka, kuma ba a yada zango a cikinsa. Ta nan Bature Kilafaton ya ratsa a 1824 ya je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

To, me ya ci waɗannan hanyoyi? Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, fatauci ya koma bin dogo, daga baya kuma ya koma bin kwalta. Da aka gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, ruwa ya shanye ƙauyuka da gonaki tare da turbobin da suka haɗa su, aka tashi dubban mutane, kuma dukkanmu mun san jinin manoma da ya zuba a 1980 kan maganar diyya. Sannan jama'a ta ƙaru, garma ta riƙa gutsurar burtali kaɗan-kaɗan har ya toshe. Ranar da saniya ta rasa burtali, gona za ta faɗa, kuma wannan yana cikin tushen rigimar manoma da makiyaya da ta rikiɗe ta zama bala'in da ya raba mutanenmu da garuruwansu. Hanyar da tsoro ya hana a bi, ciyawa ce ke rufe ta, sunanta kuma ya bi tsofaffi kabari.

Saboda haka ina da shawara, kuma ba ta buƙatar ko kwabo. Kowane ɗayanmu ya nemi dattijo ɗaya daga garinsu, ko a gida yake ko gudun hijira ya kai shi birni, ya zauna da shi da biro da takarda. A tambaye shi sunan kowace turba da burtali da mashigi, daga ina ta tashi, ina ta nufa, kuma me ya sa aka raɗa mata wannan suna. A tambayi Fulani su ma, domin su ne suka fi kowa sanin labi. A miƙa wa editan mujallarmu, a riƙa bugawa gari-gari. In Allah Ya kawo zaman lafiya aka zauna sake shata burtali, wannan takarda za ta zama shaida, ba sai an dogara da rantsuwar mai gona ko ta mai shanu ba. Malamanmu na tarihi da labarin ƙasa, muna roƙon ku duba mana aikin kamar yadda kuka saba, ko da jan biro ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.