Tambayar Da Wani Ɗalibi Ya Yi Mana Kan Yaƙi Da Nijar



Da aka koma makaranta bayan hutun daminar 2023, wani yaro ɗan aji shida ya ɗaga hannu a tsakiyar darasi, ya ce: "Malam, in an fara yaƙin, garin kakata ma za a jefa wa bom?" Kakar tasa a Maraɗi take. Muka yi shiru, domin littafin da ke hannunmu bai tanadi amsa ba.

Kowa a nan ya tuna mafarin zancen. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba su wa'adin mako guda, ko su maido shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar.

Masu goyon bayan kai soja suna da hujja, kuma bai kamata mu raina ta ba. A Janairun 2017 dakarun ECOWAS sun shiga Gambiya, Yahya Jammeh ya bar mulki ba tare da an gwabza ba. A Ruwanda kuwa, a 1994, duniya ta naɗe hannu har aka hallaka dubban ɗaruruwan mutane cikin kwana ɗari. Wani lokacin ƙin shiga shi ne zaluncin.

Amma mu da ke wannan yanki Libiya ce darasinmu. A Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 1973 don kare fararen hula, kuma kada mu manta, Nijeriya na cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar amincewa. Kariyar ta rikiɗe ta zama kifar da gwamnati, aka kashe Gaddafi a Oktoba, rumbunan makamai suka zama na kowa. Shekara ba ta zagayo ba arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye. Garin neman gira aka rasa ido.

Jihohinmu bakwai ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno. Harsashin da aka harba a Ƙonni, a Illela za a yi makokinsa. Saboda haka muna ganin Majalisar Dattawa ta yi daidai da ta ƙi yarda da kai soja. Sai dai takunkumin ma bai taɓa janar ko ɗaya ba. Mai kai albasa kasuwa da majinyacin da ke kwance a asibiti babu wuta su suka ɗanɗana, har sai da aka janye shi a Fabrairun 2024.

Ƙin yaƙi kuma bai wanke sojoji ba. Sun tsare Bazoum da matarsa, kotun ECOWAS ta ce a sake su a Disambar 2023, suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Wanda ya yi Allah wadai da bom amma ya kau da kai daga wannan, rabin gaskiya ya faɗa.

Shi kuwa yaron, washegari muka shimfiɗa taswira a kan tebur, muka sa shi ya auna tazarar Jibiya zuwa Maraɗi da yatsunsa. 'Yan ajin suka kewaye shi, kowa na nuna garin da danginsa suke a wancan ɓangaren. Har aka kaɗa ƙararrawar tashi ba su gama ba.